Jar Mota Mai Ƙofa Biyu

Ƙanena, tunda ka ce tsohuwar motar tseren nan ta shiga ranka, zauna ka ji wani misali kafin ka kai kuɗinka. Akwai wani mai sayar da kayan gini a Kaduna da ya hango irinta a bayan gidan wani attajiri da ya rasu: ja wur, ƙofa biyu, ƙirar Italiya, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare yana shan hantsi. Magada sun gaji da ita, suka sallama masa da araha. Bakaniken da ya raka shi ya leƙa inji, ya kama baki, ya ce, "Alhaji, sayen ne mai sauƙi, riƙon fa?" Shi kuwa dariya kawai yake yi yana shafa bayanta. Ranar da ta tashi, kai! Rugugin da ta yi sai da tantabarun unguwa suka watse sama, maƙwabta suka fito ba takalmi. Ya zagaya gari gilashi a sauke, 'yan acaba na binsa da fito, hularsa ta faɗi a titi bai ko waiwaya ba.

Daga nan ta fara nuna halinta. Tudun rage gudu na farko ya kankare mata ciki. Ya sha mai a bakin hanya, ta kama tari har sai da aka wanke tanki. Baƙin manta ba irin na kowa ba ne, tayarta babu a duk kasuwar garin, sai an aiko daga Legas. Wani ɗan ƙarfe da bai fi babban yatsa ba ya karye a giya, ta hau kan duwatsu a gareji rani guda cur ana jiran ya iso daga Turai. Benen da ya fara ɗorawa a gidansa ya tsaya a linta, daidai saman tagogi, uwargida ta daina gaishe shi da fara'a, abokai a majalisa suna tambayarsa lafiyar mara lafiya. Ya rage tafiye-tafiye, ya hana kansa sabuwar shadda, amma ko sau ɗaya ba a ji ya yi ƙorafi ba. Da ƙarfen ya iso aka ɗaura, ya lallashi uwargida ta shiga gefensa, suka ɗauki hanyar Zariya da hantsi bayan an ɗauke ruwa. Ya taka motar, ta amsa! Gonakin masara suka zama koren zare ɗaya, kujera ta manne musu a baya, matar da ta shiga tana ɗaure fuska ta dawo tana salati tana dariya, tana cewa a ƙara. Da suka iso gida aka kashe inji, sai ga mai yana ɗiga a ƙasanta, ɗis, ɗis. Ya kawo tsohon faranti ya tara, ya kira bakanike a waya cikin murna ya ce gobe da safe a zo a duba.

To, in daɗin da ya ji kake so, ka shirya ɗaukar abin da ya ɗauka, kada ka zo mana da kuka daga baya. Hausawa sun ce, kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa.