Kwali Mai Ramuka

"Ba wannan ba, Sambo," in ji Goggo Tabawa, ta ture kwalin sukari. "Falle ɗaya ne, raɓa ma ta ishe shi. Ba ni na sabulu, mai ramuka a ciki kamar saƙar zuma."

Sambo mai kanti ya yi murmushi. "Goggo, kin fi Nasara sanin kwali."

Shekara biyar ke nan da Faransawa suka ɗauki ɗanta Barau soja. Duk kaka takan tako daga Yekuwa zuwa Magariya, ta cika kwali da ƙuli-ƙuli da kilishi. Sambo, abokin Barau, shi ke sa shi a motar Damagaram. Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, takan cusa ƙaramar laya cikin ramin kwalin, a kusurwar ƙasa, don kada Nasara su gani.

Sambo ya lalubo wani daga bayan kanti. Ta ƙwanƙwasa shi, ta ji ƙwari. Ta zauna ta tura layar bana, sai ta ƙi shiga. Ta sa tsinke ta zaƙulo abin da ya tare.

Laya ce, da jan zarenta. Ɗinkin hannunta ne.

"Sambo, wannan kwalin bai je ko'ina ba."

Ya durƙusa. "Tun shekarar farko takardar rasuwarsa ta zo, Goggo. Bakina ya kasa faɗa miki."

Ta daɗe tana juya layar. "To, abincin fa?"

"Duk shekara ina yi masa sadaka da shi."