Layin da Allura Za Ta Bi

Malam, tun da ka zauna yi mini gaisuwar rashin nan kake cewa sana'ar hannu tana bin mai ita kabari. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma saurari wannan. An yi wata yarinya mai koyon zane a kwalejin fasaha, ba ta da buri sai ta zama mai zana hotunan littattafan yara. Ta cika bangon ɗakinta da aikin gwanayen ƙasashen waje, tana kwaikwayon yadda suke shafa inuwa da fensir har fuska ta yi kamar za ta yi magana. Ta kuwa iya, malamanta ma a kanta suke ba da misali. A shekararta ta ƙarshe wani mai maɗaba'a ya ba ta gwaji: ta zana hotunan littafin 'yan aji ɗaya, in sun yi ya ɗauke ta aiki. Ta yi wata guda a duƙe, ta zana akuya, ta zana mai tallar gyaɗa, kowane gashi da inuwarsa. Da aka buga a takarda mai araha, tawada ta haɗiye inuwar duka. Akuya ta koma dunƙulen gawayi, mai talla ba ido ba hanci. Mai maɗaba'a ya ce, "'Yata, injina tsoho ne, bai san inuwa ba. Kawo abin da zai iya bi kafin Juma'a, in ba haka ba in ba wani."

Ta koma gida, ta buɗe akwatin mahaifinta tana neman farar takarda. Shi mai zanen hula ne, wanda ke fitar da fasali a kan ƙyalle da biro kafin mata su bi da allura, bara ya rasu. A da kunya take ji a ce a kwaleji ga sana'ar ubanta. Sai ga ƙyallaye bakwai da ya zana bai kai ga bayarwa ba. Ta shimfiɗa su a tabarma ta daɗe tana kallo. Babu inuwa ko ɗaya, babu layin da ya yi rawa ko ya hau ɗan'uwansa, ga fili tsakani don zare ya sami wurin kwanciya. Nan ta tuna yadda yakan ce layin da allura ba za ta bi ba ƙazanta ne kawai. Ta ajiye fensir ta ɗauki biro. Akuyar da ta ci mata kwana uku a da, yanzu da layi tara ta fito, kunne a tsaye, kai a karkace kamar ta hango dusa. Ran Juma'a inji ya bi zanen tsaf, bai ɓata ko ƙaho ba, aka ɗauke ta aiki. Yau yara a ƙauyukan da ba ta taɓa takawa ba suna ɗora yatsa kan akuyar nan suna bin layinta, ba su san hannun tsohon da suke bi ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.