Jinin da Ya Koma Madara

Da na'urar tace jini ta tsaya, sai ma'aikaciyar ta ciro 'yan kwalaben jini biyu ta ɗaga su saitin taga. Ruwan da ya taso a saman ɗaya garau yake. Na ɗayar kuwa fari fat, kamar an tsiyaya madara.

Yayanta ya tuntsire da dariya. Ciwon ƙirji ne ya koro shi ɗakin gwajin da take aiki, kuma sai da ta ɗebi nata jinin a gabansa kafin ya miƙa wa allura hannu. Shekara ashirin ke nan yana kiran ta Randa a gaban baƙi, yana ƙirga mata loma, shi wai siriri mai lafiya.

"Wannan farin fa, mene ne?"

"Kitse ne, Yaya. In jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita sukari, sai maiƙo ya yi ta malala cikin jini. Yana ƙona jijiyoyi daga ciki, su kumbura, har hanyar zuciya ta toshe."

"Ai na gaya miki! Ci, ci, ci, har jininki ya koma abin suya. Ki rubuta wasiyya, Randa."

Ta taɓe baki. Ɗazu shi ya fizge alƙalami daga hannunta ya sa wa kwalbar jininsa suna da kansa, wai kada ta gauraya jininsa mai tsabta da nata.

A hankali ta juya farar kwalbar. Ga sunansa nan ɓaro-ɓaro, da rubutun hannunsa, har ya ja masa layi biyu.