Ɗorawar Tasalla

Tun shekarar da rijiyoyi suka ƙafe aka kafa dokar: kowane ɗalibi ya reni bishiya ɗaya a makaranta. In ta mutu, a kore shi.

Ranar duba itatuwa, Kande ta je ganin ɗorawar 'yarta Tasalla. Sauran duk sun yi yaushi, ita kaɗai ce kore shar.

"Maman Tasalla, 'yarki ta iya reno," in ji malamin. "Kofi ɗaya muke ba kowace bishiya, amma dubi tata."

Kande ta dubi leɓen yarinyar, duk ya tsattsage. Ta girgiza gorar ruwan shanta, rabonta na yini. Babu ko ɗigo, gindin ɗorawar kuwa a jiƙe yake.

"Inna, kada ki faɗa," in ji Tasalla. "Saura wata biyu damina."