Allo Babu Suna

"Hajiya, fenti fa na bushewa!" mai rubutun allo ya ɗaga murya daga kan tsani. "Wane suna zan sa?"

Auta ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Gobe za ta buɗe zauren baje zane-zanenta a gidan marigayi babansu, amma duk sunan da ta kawo sai ta ji bai zauna mata ba.

"Ki sa sunan Baba mana," in ji yayanta, yana tura tsohon kabad ɗin falo.

"Haba Yaya! Mutumin da ya mare ni don na yi zane da gawayi a bangonsa? Ya ce ya shafe ƙazantar?"

Kabad ya gusa. Yaya ya nuna mata bangon da ke bayansa.

Ga kyanwar da ta zana da gawayi tana yarinya nan, da karkatacciyar jelarta. A kewayenta ga sawun fenti kala-kala, wani kan wani. Ashe duk sanda Baba ya sabunta fenti, sai ya bi gefenta a hankali. Ko gashin bakinta bai taɓa ba.

Auta ta fito wurin mai rubutun allo.

"Malam, rubuta: Bayan Kabad."