Faifan Da Ya Rufe Ƙwaryar Gari

Tanimu, tun da ka ce tsofaffin ma'aikatanka sun zame maka kaya, gyara zama in ba ka wani misali, in ya so sai ka yi abin da ka ga ya fi.

An yi wani malamin koyar da aikin gona da ya yi ritaya, wanda in ka ɗebe iyalinsa ba abin da yake so kamar wasan jifan faifai. Kada ka yi dariya. Faifan roba ne, faɗinsa bai wuce na farantin tuwo ba, ana wurga shi daga nesa ana neman ya faɗa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya isa da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Wani amininsa ne ya zo da wasan daga karatu a ƙasar waje. Suka kafa kwanduna a cikin itatuwan dogonyaro na bayan makaranta, duk Asabar da hantsi suna can, suna jifa suna yi wa juna tsiya, har shekara ashirin.

Faya-fayan iri-iri ne, akwai na cin dogon zango, akwai na bakin kwando, amma shi na tsaka-tsaki ya fi ƙauna. Yana da guda biyu da yake ji da su. Ɗaya ja ne mai taurin kai, ko iska ta taho masa gaba da gaba ba ya kula ta, sai ya gama tafiyarsa ya karkata hagu ya dira. Ɗayan shuɗi ne mai jin magana, inda ka nuna masa nan yake bi, sai a ƙarshe ya ɗan jingina hagu kamar mai neman bango. Sai dai duka biyun suna da sharaɗi: sai hannu ya ba su ƙarfi suke nuna halinsu na kirki.

Kwatsam hawan jini ya kayar da malamin, ya taɓa masa ɓarin dama. Da ya samu ya miƙe, likita ya ce maganinsa tafiya, kada ya yarda ya zauna. Ya koma fili. Ya jefa jan, ko taku goma bai yi ba ya kife hagu. Ya jefa shuɗin, ya ɗan ɗara kaɗan, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Abin da ya fi yi masa ciwo, ya lura amininsa ya fara rage hannu da gangan, yana jefa nasa kusa-kusa yana ɗora wa iska laifi. Asabar uku ana haka. Asabar ta huɗu ya zauna a kujerar zaure ya ce shi kam ya gama, a kai wa aminin faya-fayan.

Matarsa ta san mijinta. Ta san in ya manne wa kujerar nan, ba zai sake tashi ba sai an ɗauke shi, kuma tsoron haka ya cika mata zuciya. Ba ta yi masa wa'azi ba. Ta shiga madafa ta ɗauko wani faifai daga kan ƙwaryar garinta, ta kakkaɓe shi da gefen zane. Nasa ne na farko, na tsaka-tsaki shi ma. A da fari ne, yanzu ya koma kalar ƙasa, bakinsa duk ya cinye saboda karo da itatuwa. Tun shekarun baya ya yar da shi, don in ya sake shi da ƙarfi sai ya juya dama ya shige daji. Ita kuwa ta ce faifai dai faifai ne, ta mai da shi murfi. Ta ɗora masa a cinya ta ce, "Malam, je ka gwada wannan sau ɗaya. In ya ƙi, ka dawo mini da abina kafin kaji su gane garina a buɗe yake."

Ya tafi filin don kada ya watsa mata ƙasa a ido, ya tarar da amininsa a can. Ya tsaya, ya sake shi da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Faifan ya tashi a karkace, ya gyara kansa a iska, ya miƙe sak ba gaggawa, ya ratsa tsakanin itatuwa biyu, ya sauka a hankali a gindin kwandon. Ashe cinyewar bakin nan da ta sa yake gudu a hannun mai ƙarfi, ita ce ta sa ba ya neman ƙarfi wurin wanda ba shi da shi. Aminin ya cire hula yana ihu kamar ba dattijo ba. Malamin kuwa dariya ya soma, ta juye masa kuka, ya bar hawayen suna zuba bai share ba. Ranar sai da ya taka har kwando na ƙarshe.

Da ya dawo gida, matar ta miƙa hannu a bakin ƙofa. Ya cusa faifan cikin babbar rigarsa ya rungume, ya kau da kai kamar bai gan ta ba. Ta yi murmushi, ta koma madafa ta kife tsohon faranti a kan ƙwaryar, ba ta sake tambayarsa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.