Mai Shanye Batirin Muntari

Babur ɗin ya yi tari, ya sake yi, sannan ya yi gum. Muntari ya sauka ya hau turi, yana zagin Amurka da sanyinta ƙasa-ƙasa don kada a ji shi a cikin gida.

Da sanyin bana ya kama, ya sa wa kan babur robar hannu mai ɗumi, ya kuma sayi falmaran mai waya a ciki wadda ake jonawa da batir. Mutumin da ya yi acaɓa a Kano da singileti, sai ga shi kullum yana tafe daga gabashin Greensboro zuwa gonar dawakai a Summerfield a gashe kamar tsire. A masallaci ya ishi kowa da labarin falmaran, har wasu kan canza sahu in sun hango shi.

To, sai batir ya fara wayar gari a mace. Ya sayi sabo, shi ma ya bi sahun ɗan'uwansa. Bakanike ya duba ya ce lafiyar babur ƙalau. Mai gonar kuwa, Mista Eli, ya ce dawakai ba su san uzuri ba, in Muntari ya sake makara ya nemi wani aikin. Ga shi matarsa Salima ta haihu, ga baki ya ƙaru a gida.

Bakin da ya fi cika gidan ma ba na jaririn ba ne, na Goggo ne, ƙanwar mahaifin Salima, da aka ɗauko daga Katsina don jego. Tun daga filin jirgi take mita: nama ba ɗanɗano, ruwa na warin magani, mai gidan haya ya hana ko gawayi a hura, maƙwabta ba su iya gaisuwa ba. Ta koro Muntari falo, ɗaki ya zama nata da mai jego, shi kuwa ko labulen ba ya ɗagawa saboda kunyar suruka. Da aka kwana biyu dai ta yi laushi. Har takan goge masa babur, ta ninke masa falmaran, ta ce ya riƙa jingine abin hawansa a jikin taga saboda ɓarayi. Muntari ya ce a ransa, ashe ba wanda Amurka ba ta horarwa.

Zarginsa yana kan Longji, ɗan Filato mai karatun lantarki a jami'a, maƙwabcinsu na bango ɗaya. Sun taɓa sa-in-sa a kan wurin fakin. Kuma wa zai san hanyar tsotse batir in ba mai karatun wuta ba?

Wata rana ya dawo aiki bayan azahar, ya rataye falmaran, ya ce za shi High Point Road sayen nama. Ba inda ya je. Ya laɓe a bayan tankin shara, sanyi na cin kunnuwansa. Tsoro yake ji na gaske, don bai san da wane bakin zai gaya wa Salima an kore shi ba.

Ba a jima ba sai ga Longji ya fito da silifas, riƙe da kan wata doguwar waya. Ya tsuguna a gindin babur ya jona, hankalinsa kwance kamar a ɗakin uwarsa.

Muntari ya yi tsalle ya cafke masa kwala.

"Yau asirinka ya tonu. Kai ne kake so in rasa job ɗina ko?"

"Malam Muntari, sake ni mana," in ji Longji. "Ni taimako kawai nake yi. Bi wayar ka gani."

Muntari ya bi ta da ido. Ba ta nufi ƙofar Longji ba. Bango ta hau, ta shige ta tagar ɗakin Muntari. Ya saki kwala ya faɗa gida, kunyar suruka ta tsaya a waje, ya yaye labule.

Salima na kwance tana sharar barci, jariri a gefenta, falmaran ɗinsa ɗaure tam a jikinta da waya a maƙale. Goggo na zaune a bakin gado tana taɓa ta da bayan hannu, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Saki labulen nan, Muntari, ana gasa mai jego. Gobe kuma ka sayo batir babba, wannan tun kafin magariba yake hucewa."